Robar nan mai ƙwallaye uku: numfashi ya dawo, amma ina da ƙorafi

Duk wanda abincinsa ke maƙogwaro ya san ɓarnar da sanyin haƙarƙari ke bari bayan ya tafi. Ni bege nake yi, kuma da aka sallame ni daga asibiti a tsakiyar hunturu, baitin da nake ja da numfashi ɗaya sai da na koma yanka shi gida biyu, 'yan amshi na rufa mini asiri. Wata ma'aikaciyar sashen gashin ƙashi ce ta ce in nemi robar motsa huhu, mai ƙwallaye uku da ɗan tiyo.

Yaron kemis ɗin da na saya a wurinsa shi ya fara ƙona mini rai. Na tambaye shi yadda ake amfani da ita, ko kallona bai yi ba ya ce, "Malam, hurawa kawai za ka yi har su tashi." Na je gida na yi ta hurawa har jiri ya ɗebe ni, tari ya turnuƙe ni, ƙwallo ko ɗaya bai motsa ba. Wallahi a daren nan na sallama, na ce huhun ya gama aiki. Uwargida har da hawayenta, tana cewa ko mu koma asibiti.

Da na kai wa ma'aikaciyar kukana, sai ta riƙe baki. Ashe zuƙa ake yi! Ka zauna daram, ka fitar da iska, ka kama bakin tiyon da leɓe, ka ja a hankali, ka riƙe numfashin daƙiƙa 3 zuwa 5. Lambobin jikinta, 600 da 900 da 1200, yawan iskar da kake ja ne a daƙiƙa guda. Ta kuma ce kada in yi ta fizgar iska don in ɗaga na ukun; in tsayar da biyu a sama su jima, shi ya fi buɗe huhu. A gabanta ƙwallon farko ya tashi. Mutum ya sayar maka da kayan lafiya bai san gabansa da bayansa ba, haba jama'a.

Daga nan kam robar ta yi mini rana. Sannu a hankali na biyu ya bi sahu, kuma a majalisin da na fara fita na ja baiti har ƙarshensa ban tsaya haki ba.

Sai dai ban gama murna ba tiyon ya tsage daga wuyansa, kuma ba su sayar da shi shi kaɗai, wai sai dai ka sake sayen sabuwa dungurungum. Da salatif na naɗe nawa. Ga shi kuma dishewar murya robar ba ta ko taɓa ta ba, domin huhu kawai take wa aiki. Abin da ya warware mini murya kusan kyauta ne: tsinken shan lemo a cikin gorar ruwa, ina hurawa ina gunji a hankali, sai sirace da ruwan zafi zalla, da takunkumi saboda ƙura, da barin yin raɗa, don ita ma tana wahalar da maƙogwaro.

Ɗan'uwa mawaƙi, in za ka saya ka saya, amma a asibiti za a nuna maka yadda ake yi. Kuma ka murɗa tiyon ka duba tun a shago kafin ka miƙa kuɗinka.