Kabon ko alminiyom: ina ya kamata kuɗin rage nauyin keken dutse su tafi?

Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Tsakanin firam (gangar jikin keke) ɗin kabon (carbon fibre) na gwanjo da aka yi maka tayi da sabon na alminiyom, ɗauki na alminiyom. Ragowar kuɗin ka zuba su a fok ɗin gaba (shokazobar da ke riƙe tayar gaba) da wili da taya. Nawa keken haka na haɗa shi, kuma ko yau aka ce in sake haɗawa, hanyar da zan bi ke nan.

Ɗora su a sikeli ka gani. Firam ɗin alminiyom mai kyau, wanda ba shi da shokazoba a baya, yakan kai kilo 1.6 zuwa 2. Na kabon na manyan kamfanoni, irin su Scott Scale ko Specialized Epic Hardtail, yana wajen kilo 1, na ƙolinsu ma ba ya kai giram 900. To ka ga duk maƙudan kuɗin nan abin da za su rage maka bai wuce giram 600 zuwa kilo guda ba, kwatankwacin gorar ruwan da ke maƙale a keken idan ta cika. Wannan kilon kuwa akwai inda za ka cire shi da kuɗi ƙasa da haka, kuma jikinka ya ji bambanci tun ranar farko.

Fok ɗin gaba shi ne babban ɓarawon nauyi. Irin mai sifirin ɗin ƙarfe da ke zuwa a kan kekuna masu araha yana haura kilo 2.5. Mai iska, irin RockShox Reba, yana wajen kilo 1.7, SID SL kuma ba ya kai kilo ɗaya da rabi. Nan kaɗai ka sauke kusan kilo, sannan ka samu fok ɗin da za ka daidaita da nauyin jikinka da ɗan famfonsa, maimakon wanda ke dukan hannunka a kan kowane dutse. Reba ya ishe ka. Sai dai ka riƙa goge ƙura daga sandunansa bayan kowace fita, musamman lokacin hunturu, don ƙurar nan ita ke cinye robar bakinsa.

Abin da ya sa nake son alminiyom ba lissafi kaɗai ba ne. Wata damina muna gangarowa daga duwatsun Shere a nan Jos, dutse ya jiƙe, tayar gaba ta zame, ni na yi gefe guda keken ya yi wani gefen. Bututun ƙasan firam ya daki bakin dutse da ƙarar da har abokan tafiyata suka tsaya suka juyo. Da na ɗaga shi, ɗan lotsawa ce kawai, fenti ya kankare. Na shafa da yatsa, na duba ko akwai tsaga, babu. Na hau na ƙarasa gida. Har yau keken nan nake hawa, lotsawar tana nan yadda take, ina dubanta duk lokacin da na wanke shi, ba ta ƙaru ba. Alminiyom idan ya ji ciwo a fili yake nunawa, kana gani da idonka ka yanke shawara. Wannan natsuwar ba ƙaramin abu ba ce ga wanda ya daɗe yana tara kuɗin kekensa.

Kabon kuwa, ba zan ce ba shi da ƙarfi ba. Nino Schurter na Suwizalan a kan keken kabon na Scott ya ci zinaren Olamfik a Rio a 2016. Amma shi kamfani ke ba shi, ga makanikai na bin bayansa. Kai idan naka ya daki dutse, zarurrukan ciki na iya rabuwa fenti na nan lafiya lau, kuma mai waldar unguwa ba abin da zai iya yi maka. Shi ma alminiyom ɗin kada ka kai shi walda idan ya tsage, don irin 6061 da ake yin firam da shi sai an sake gasa shi a masana'anta yake dawo da ƙarfinsa. Bambancin shi ne sabon firam ɗin alminiyom za ka iya sake saye.

Sai wili. Waɗanda ke zuwa da keken kanti sukan haura kilo 2 su biyun. Rim ɗin alminiyom mai kyau da hob (cibiyar wili) irin DT Swiss 350 zai sauko da kai wajen kilo 1.7 zuwa 1.8. A hawan tudu mai santsi giram giram ne ko ina yake, amma a hanyar dutse, inda kake ta tsayawa kana sake taka feda, nauyin da ke bakin wili shi ƙafa ta fi ji. Rim ɗin kabon ma ka bar shi. Na alminiyom idan ya lanƙwashe, mai gyaran keke da ya san aikinsa zai miƙe maka shi ta hanyar ɗaure wayoyin wilin.

Inda zan fi matsa maka shi ne ka cire tub gaba ɗaya. Tub ɗin taya mai inci 29 yana wajen giram 200 kowanne, ruwan faci da ake zubawa a madadinsa kuma kamar mililita 100 ne a taya guda, saboda haka ragin nauyin kaɗan ne. Ribar ta gaske ita ce tsidau da ƙaya. Duk wanda ya taɓa bin hanyar gona a ƙasar nan ya san yadda tsidau ke yi wa tub, faci a kan faci. Da ruwan nan a ciki, ƙaya ta shiga, ka zare ta, ka juya tayar, ramin ya toshe kansa. Sannan za ka iya rage iska, tayar ta kama dutse sosai. Zafinmu yana busar da ruwan da wuri, don haka ka riƙa dubawa duk bayan wata biyu zuwa uku. Kuma kada son rashin nauyi ya kai ka sayen taya mai siririn gefe. Ɗauki irin Maxxis Ikon ko Rekon Race mai alamar EXO, wato mai ƙarfin gefe. Ƙarin 'yan giram ɗin ya fi maka tura keke a ƙasa bayan dutse ya yanka gefen taya, don irin wannan yankan ruwa ba ya toshe shi.

Giya ba zan ja ta da tsawo ba. Faranti ɗaya a gaba, goma sha biyu a baya. Tun da SRAM ta fito da XX1 a 2012 aka fara watsi da giyar gaba, yanzu har Shimano Deore mai araha haka take. Jerin haƙoran baya na Deore yana wajen giram 590, na XT 470, na XTR 370, waɗannan biyun manyan ajin Shimano ne masu tsada. Ƙura da yashi ba ruwansu da tsada, duka cinye su suke yi. Sayi Deore ko SLX da ke gaba da ita, idan da rara ka sa madannin canja giya na XT. Abin lura kawai, kayan su dace da juna: Shimano mai 12 hob ɗin Micro Spline take so, SRAM kuma XD, sannan firam da wili su zama duka Boost, wato faɗin hob milimita 148 a baya, 110 a gaba. Mutane da yawa sun sayi wili ya ƙi shiga firam saboda wannan. Notunan titaniyom kuwa 'yan giram suke ragewa, ado ne kawai.

Da wannan haɗin za ka tsaya wajen kilo 11, alhali keken dutse na kanti yana kai 14 ko fiye. Kilo 9 na masu kabon daga sama har ƙasa ne, kuma sai mai tseren gasa ke cin moriyarsa.

Ba ka tambaya ba, amma zan faɗa, don abin yana ƙona min rai. Kabon na gwanjo shi ne inda maha'inta suka fi samun shiga. Akwai mai cike tsaga da gam ya fesa sabon fenti. Akwai mai naɗe bututun alminiyom da leda mai zanen kabon ya kira shi kabon. Akwai mai manna tambarin babban kamfani a kan firam ɗin da ba a san inda aka yi shi ba. Mafi haɗari shi ne kan keke na kabon na jabu, don idan ya karye kana gangara, fuska ce ke fara isa ƙasa. Ko na gaske ne, notunansa ma'auni gare su, yawanci 5 Nm (ma'aunin ƙarfin ɗauri) aka rubuta a jiki, kuma bakanike mai ɗaurewa da ƙarfin damtse zai murƙushe shi ba tare da ya sani ba. Sarƙar Shimano ta jabu ma ta cika kasuwa, kwali iri ɗaya, wata biyu ta miƙe ta ci maka haƙora. Idan farashi ya yi arha fiye da hankali, ka ajiye.

In har zuciyarka ta nace sai wancan firam ɗin, je ka da sikelin rataye da tocila. Ka sa a zare sandar sirdi da fok ka haska ciki. Ka bi jikinsa kana ƙwanƙwasawa da kwabo a hankali, inda sautin ya mutu ya daina ƙara, akwai matsala a wurin. Duk inda fenti ya fi sauran sabunta, tambayi dalili. Mai kayan da ya hana ka kwancewa, ko ya ce sai ka tura kuɗi kafin ka gani, ka yi masa sallama. Ko na alminiyom ɗin ne, ɗauki hoton lambar da ke ƙarƙashin firam da wuraren walda, ka turo min tare da tsawonka, in duba ko girman ya dace da kai kafin ka biya.