Kulawa a gida ko zaman haya da tallafi a Ingila: ina haɗarin yake a kowanne?

Wata 'yar uwa ta yi tambaya game da ƙanenta mai shekara talatin da 'yan kai, wanda yake da jinkirin fahimta da farfaɗiya. Yana zaune da mahaifiyarsu a Ingila, ƙarfin mahaifiyar ya fara ja baya, jami'ar walwala ta ƙaramar hukuma kuma ta ba su zaɓi biyu: ko ma'aikata su riƙa zuwa gida suna kula da shi, ko ya koma gidan haya inda ma'aikatan tallafi ke zama da masu irin larurarsa. Tana son sanin wanne ya fi inganci da tsaro.

'Yar uwa, Allah ya ƙara wa Mama lafiya, ya ba ku ladan ɗawainiya. A takarda doka ɗaya ce ke kan tsarin biyu. Inda suka rabu shi ne wurin da haɗari yake ɓuya. A kulawa a gida yana cikin sa'o'in da babu kowa tare da mutum. A zaman haya da tallafi yana bayan ƙofar da dangi ba sa yawan shiga, da kuma tsakanin mai gida da kamfanin kulawa, inda kowa ke tura wa ɗan uwansa alhaki.

Abin da ya haɗa su

Duk kamfanin da ke yi wa mutum wanka, ko sa masa tufafi, ko kai shi bayi, ko ciyar da shi, dole ya yi rajista da CQC, hukumar da ke sa ido kan ingancin kulawa, wadda ta fara aiki a 2009. Wannan a Ingila ne kawai. Sikotilan da Wels da Ireland ta Arewa kowacce da tata hukumar. Ƙa'idojin da ake auna kamfanoni da su suna cikin dokokin 2014 da suka fara aiki a Afrilun 2015. Ƙa'ida ta 12 ta shafi kulawa ba tare da cutarwa ba, har da magani. Ta 13 kariya daga cin zarafi. Ta 18 isassun ma'aikata masu horo. Ta 19 tantance su kafin ɗauka, wato binciken DBS na tarihin aikata laifi da shaidar wuraren da suka yi aiki a baya. Ta 20 kuma ta wajabta wa kamfani, idan an yi kuskure mai cutarwa, ya faɗa, ya ba da haƙuri, ya kuma rubuta. Daga Yulin 2022 dole ne a horar da ma'aikata kan jinkirin fahimta da larurar otizim, horon da aka sa wa sunan Oliver McGowan, matashin da ya rasu a 2016 bayan an ba shi maganin ƙwaƙwalwa da shi da iyayensa suka ce kada a ba shi.

Hukumar tana yin tambaya biyar: akwai tsaro, kulawar tana aiki, akwai tausayi, ana biyan buƙatar mutum, shugabanci yana da kyau? Sai ta ba da ɗaya daga maki huɗu, daga na fice zuwa na gazawa. Ki karanta rahoton, amma ki fara duba ranar da aka rubuta shi. Bitar da Dakta Penny Dash ta yi wa aikin hukumar a 2024 ta nuna wurare da yawa sun yi shekaru ba a sake duba su ba, wasu ma ba a taɓa ba su maki ba.

Akwai kuma abin da iyalai da yawa ba su sani ba. Makin na ofishin kamfani ne, ba na gidan da ƙanenki zai kwana ba. Ofishi ɗaya yana iya kula da gidaje masu yawa, masu bincike su leƙa kaɗan daga ciki, su ma sai da izinin mazauna, domin a doka gidan mutum ne. Idan kuma tallafin bai wuce cefane da shara da rakiya ba, kamfanin ba ya buƙatar rajista sam.

Lokaci da dare

A nan ne kulawa a gida ta fi rauni. Yawanci ziyara huɗu ce a rana: safe, rana, yamma da lokacin kwanciya. Idan kowacce minti 45 ce, sa'a uku ke nan cikin 24. Sauran 21 na kan Mama. Jagorar da NICE, cibiyar da ke tsara jagororin lafiya da kulawa, ta fitar a 2015 ta ce kada ziyara ta gaza minti 30, sai in mutum ya san ma'aikacin, ziyarar ɓangare ce ta babban tsari, kuma aikin ɗan ƙarami ne. Abin da ke ɓata lamari shi ne jadawalin da ba a ware lokacin tafiya tsakanin gidaje ba: ma'aikaciya ta bar wani gida ƙarfe takwas, an kuma rubuta ta a wani gidan ƙarfe takwas. Dole ta yanke daga lokacin wani. Ki tambayi kamfani minti nawa suke jira kafin ofis ya gane ba a zo ba, wa suke kira, kuma ma'aikata nawa ne za su riƙa zagayowa kansa. Mutum uku ko huɗu da ya saba da su sun fi baƙin fuska goma sha biyu, domin wanda ya san shi ne zai lura yau ba ya cikin hayyacinsa.

A gidan tallafi ana iya samun ma'aikaci dare da rana, amma kada jin “sa'a 24” ya kwantar miki da hankali. Sa'o'in kashi biyu ne: na tarayya, inda ma'aikaci ɗaya ke duba mutum uku ko huɗu, da na shi kaɗai. Ki nemi a rubuta adadin kowanne a mako. Na shi kaɗai su ne ake fara cinyewa idan ma'aikata sun yi ƙaranci, sai ki ga zuwa masallacin Juma'a ko wurin ninƙaya ya tsaya ba bayani. Dare ma iri biyu ne: mai kwana a ɗakinsa sai an tashe shi, da mai gadi ido biyu. Ga mai farfaɗiyar da ke tasowa cikin barci, wannan bambanci na rai da mutuwa ne. In mai kwana ne, dole a sa na'urar da ke gane jijjiga a gado, a riƙa gwada ta, a kuma tabbatar ƙararta na kaiwa ɗakin ma'aikacin.

Magani

A tsarin biyu akwai takardar MAR, inda ake sa hannu kan kowane magani da aka bayar. Gurbin da ba sa hannu, ko sa hannun da aka jera tun kafin lokaci, alamar matsala ce.

Kuskuren da aka fi yi a kulawa a gida na tazara ne. Farasitamol, alal misali, sai an bar sa'a huɗu tsakanin sha da sha, kuma kada ya wuce giram 4 a sa'a 24. Idan ziyarar safe ta makara zuwa goma, ta rana ta zo sha biyu, ma'aikaciyar da ta bi takarda ba ta duba agogo ba za ta ninka masa. Shi ya sa ake son a rubuta ainihin lokacin da aka bayar. Wani kuskuren kuma na hannu biyu ne: Mama ta ba shi, ma'aikaciya ta zo ta sake ba shi. A rubuta ƙarara wa ke da alhakin wane magani, wa ke karɓowa daga kantin magani kafin ya ƙare. Maganin farfaɗiya ba ya son tsallake.

A gidan tallafi abin tsoro shi ne maganin “in buƙata ta taso”, musamman mai kwantar da hankali. Inda ma'aikata suka gaji ko ba su da horo, sai ya zama hanyar sa mutum ya yi shiru. Saboda wannan ne hukumar lafiya ta NHS ta fara shirin STOMP a 2016, don hana cika wa masu jinkirin fahimta da otizim irin wannan magani. Kowane irin wannan magani yana buƙatar rubutacciyar ƙa'ida: me za a gwada kafin a ba shi, nawa, sau nawa, wa zai ba da izini. Ki nemi ganin sau nawa aka ba shi a wata.

Ga ƙanenki kuma akwai maganin gaggawa, midazolam da ake sa wa a kumatu, wanda yawanci ake bayarwa idan faɗuwa ta kai minti biyar, gwargwadon yadda likitansa ya rubuta. Ba kowane ma'aikaci ne aka horar a kansa ba. Tambayar ita ce ko a kowane juyi na aiki, har daren Lahadi da ranar da aka kawo ma'aikacin aro, akwai wanda ya iya.

Ginin kansa

A gidanku, gyara da tsaron gini naku ne ko na mai gidanku. Kamfani zai auna haɗari ne kawai: matakala, darduma mai zamewa, ƙararrawar hayaƙi. A gidan tallafi CQC ba ta duba gini, na mai gida ne. Shi zai kawo takardar binciken gas ta duk wata 12, da ta wayoyin lantarki ta duk shekara biyar, da ƙararrawar hayaƙi a kowane bene. Ruwan wanka ga mai rauni kada ya wuce digiri 44, kuma mai farfaɗiya shawa ta fi masa kwamin wanka, don nutsewa ba ta buƙatar ruwa mai yawa. Idan ana amfani da na'urar ɗaga mutum, a duba ta da ƙyallenta duk wata shida. Ranar tana manne a jikinta.

Rabuwar mai gida da kamfani tana da amfani babba: takardar haya da sunansa take, don haka kuna iya sauya kamfanin kulawa ba tare da ya rasa ɗakinsa ba. Ki karanta yarjejeniyar da kyau. In an ɗaure hayar da karɓar kulawa daga kamfani guda, to gidan kula ne aka sauya wa suna. Illar rabuwar kuwa, in na'urar ɗumama gida ta mutu a Janairu, kamfani ya ce na mai gida ne, mai gida ya ce ba a sanar da shi ba.

'Yanci, addini da kuɗi

Dokar ikon yanke shawara ta 2005 ta ce a ɗauka mutum yana iya yanke wa kansa hukunci har sai an tabbatar da akasi, kuma shawara-shawara ake aunawa, ba a dunƙule ba. Idan za a kulle ƙofa ko a hana shi fita shi kaɗai, a tsarin biyu kamfani ko dangi ba su da ikon yin haka yadda suka ga dama. In abin ya kai tauye 'yanci, sai Kotun Kariya ta amince. Kicin a kulle, firji da kwaɗo, kowa ya kwanta ƙarfe takwas saboda sauyin ma'aikata, waɗannan alamun gidan da aka tsara don sauƙin ma'aikata ne. Cin zarafin da aka bankaɗo a Winterbourne View a 2011 da Whorlton Hall a 2019 a asibitoci ya faru, amma darasin ya shafi duk wurin da baƙo ba ya shiga.

Ƙa'ida ta 14 ta dokokin da CQC ke auna kamfanoni da su ta ce a kula da addini da al'ada wajen abinci. A gida wannan mai sauƙi ne. A kicin na tarayya sai an rubuta: naman halal, tukunyarsa daban, tsarki da ruwa, namiji ya yi masa wanka, lokutan salla, da yadda za a yi da magani a watan azumi bisa shawarar likita. Abin da ba a rubuta cikin tsarin kulawa ba, sabon ma'aikaci ba zai san shi ba.

Kuɗi kuwa, ƙaramar hukuma za ta auna abin da shi ya mallaka, ba na dangi ba. Wanda ajiyarsa ta wuce fam 23,250 shi ke biyan kulawarsa. Haya daban take, yawanci daga tallafin haya na gwamnati. A gidan tallafi ki nemi littafin kuɗinsa da rasit, ki duba ko ana sayen abincin ma'aikata da kuɗinsa.

Ra'ayinmu

Idan Mama na da ƙarfin kwana da shi, faɗuwar kuma ta lafa da magani, ku fara da kulawa a gida, ku nemi a auna buƙatar Mama ita ma, don dokar kulawa ta 2014 ta ba mai ɗawainiya wannan haƙƙi, kuma tallafin da za a ba ta yana iya haɗawa da hutun ɗan lokaci. Idan yana faɗuwa da dare, ko Mama ba ta iya juya shi gefe ta kira lambar gaggawa 999, ziyara huɗu ba za ta rufe wannan giɓi ba, gidan tallafi mai gadin dare ido biyu ya fi tsaro. Kuma gara a shirya ƙaurar a hankali Mama na nan tana koya wa ma'aikata halinsa, da a yi ta cikin gaggawa ranar da aka kwantar da ita a asibiti.

Gani ya kori ji. Ki je gidan da yamma ko ranar Asabar, lokacin da manaja ba ya nan, da izinin mazauna. Ki lura ko ma'aikata na ƙwanƙwasa ƙofa kafin su shiga ɗaki, ki tambayi wanda kika tarar shekararsa nawa a gidan. Idan daga baya kika ga rauni ba bayani, ko rama, ko tsoron wani ma'aikaci, ki kira sashen kare manya na ƙaramar hukuma kai tsaye. Sashe na 42 na dokar kulawa ta 2014 ya wajabta musu bincike. Sauran koke a fara da kamfani a rubuce, in ba a gamsu ba a kai ofishin sauraron koke-koken ƙananan hukumomi da kulawa. CQC ba ta warware koken mutum ɗaya, amma ki sanar da ita, domin irin wannan bayani na iya sa ta zo bincike da wuri.