Gargaɗi ga 'Yan Kasuwar Zariya Kan Damfarar Haɗakar Kwantena

Assalamu alaikum. Ina jan hankalin 'yan'uwa 'yan kasuwa na Sabon Gari da Tudun Wada da Samaru, musamman iyayenmu mata masu sana'a a cikin gida, game da wasu mutane da ke tallata kansu a WhatsApp da Facebook a matsayin ejan masu shigo da kaya daga Chaina ta jirgin ruwa. Sukan ce sun kama kwantena mai ƙafa 40 a Guangzhou, saura gurbi kaɗan, kowa ya turo kuɗin kayansa da na dako a yi haɗaka. Ita kanta haɗakar ba laifi ba ce, domin ƙananan 'yan kasuwa sun daɗe suna yin ta, ana cajin kowa gwargwadon wurin da kayansa suka ci. Da wannan sananniyar hanya macutan suke fakewa.

Da zarar kuɗi sun shiga, sai su turo bidiyon ma'aikata suna jera kwalaye, da hoton takardar lodi wadda aka dusashe lambobinta. Bayan wasu makonni sai a ce jirgi ya iso tashar Apapa da ke Legas, amma kwastam sun ƙara kuɗin fito, kuma tarar jinkirin fitar da kwantena tana hauhawa kullum, idan ba a cika cikin kwana biyu ba za a yi gwanjon kayan. Wanda ya zuba jarinsa duka, ko wadda ta kwashi adashinta ta tura, tsoron asara kan sa su sake biya, wani har da cin bashi. Daga nan sai a rufe zauren WhatsApp da aka buɗe wa masu haɗakar, layin waya kuma ya daina shiga. Abin yana ci mini rai ƙwarai, domin nisanmu da teku da ƙarancin saninmu da harkar tashar jiragen ruwa su ne jarin waɗannan mutane.

Kwantenar da take kan ruwa da gaske ba ta ɓuya. Kowace tana da lamba mai haruffa 4 da alƙaluma 7 a rubuce a jikin ƙofarta, kuma idan aka shigar da lambar a shafin kamfanin jirgin, kamar Maersk ko MSC ko CMA CGM, za a ga jirgin da ya ɗauko ta da tashar da za ta sauka. Takardar lodi ta gaskiya tana ɗauke da sunan jirgin, da tashar da aka yi lodi, da sunan wanda zai karɓi kayan. A nan ya kamata a tsaya a duba da kyau, saboda macuci yana iya ɗauko lambar kwantenar wani ya nuna muku. Ku tabbatar sunan mai karɓar kayan ya yi daidai da na kamfanin ejan ɗin da ke da rajista a CAC, hukumar rajistar kamfanoni, ya kuma yi daidai da sunan asusun da aka ce ku tura kuɗi.

Ku nemi ganin Fom M, wato fom ɗin neman shigo da kaya, wanda ake buɗewa ta banki kafin a yi lodi, da takardar PAAR, wato rahoton tantance kayan da Hukumar Kwastam take bayarwa. Kuɗin fito ta banki ake biyan su, da rasit. Tarar jinkiri ma gaskiya ce, amma kamfanin jirgi ne ke fitar da takardarta da lambar kwantenar a kai, bayan kwanakin da ake bayarwa kyauta don fitar da kaya sun ƙare. Idan kuwa aka ce kayan suna tashar sauke kwantenoni ta kan tudu da ke Kakuri a Kaduna, wadda aka buɗe a 2018, to gani ya kori ji. Ku wakilta mutum biyu su shiga mota su je.

Wanda abin ya riga ya shafa, kada kunya ta sa ya yi shiru. Ya adana rasit da saƙonni da lambar asusun, ya sanar da bankinsa ba tare da ɓata lokaci ba, sannan ya kai ƙara wurin 'yan sanda ko ofishin EFCC na Kaduna, tare da sauran waɗanda suka yi haɗakar.