Kemis ɗin Ƙofar Ƙaura da ya ƙi karɓar kuɗina

Da asuba Baba ya dafe kai yana salati, ya ce bai taɓa jin ciwon kai irin wannan ba, sai amai. A asibiti hoton kai ya nuna jijiya ce ta fashe, jini ya malala ƙarƙashin tantanin da ya lulluɓe ƙwaƙwalwa. Likita ya rubuta nimodifin, miligiram 60 duk bayan awa 4, dare da rana har kwana 21. Shago biyar na shiga a cikin garin Katsina, kowa ya juya takardar ya ce babu. A na shida, wani matsakaicin kemis da ke wajejen Ƙofar Ƙaura, mai shagon ya ba ni na kwana uku da ke hannunsa, ya buga waya Kano, washegari da la'asar sauran ya iso.

Wannan kaɗai ya isa in yaba masa. Amma abin da ya sa na zauna rubutu daban ne.

Ƙanena da ke Abuja ya turo mini tallar wasu ƙwayoyi a WhatsApp, wai okzaloasitet, wai suna wanke gulutamet daga jini su ceci ƙwaƙwalwa. Har kuɗi ya turo. Na miƙa wa mai shagon waya na ce, "Malam, a samo mana wannan ko nawa ne."

Ya karanta tsaf, ya ce, "Hajiya, zauna." Kujera ɗaya ce tal a shagon, ta roba.

Ya ce maganar tana da tushe. Gulutamet sinadari ne da ƙwayoyin ƙwaƙwalwa ke aika wa juna saƙo da shi. Idan an bugu ko jini ya zuba, sai ya kwararo fiye da kima, ya wangale ƙofofin ƙwayoyin, kalsiyam ya dinga ɗurawa ciki har su mutu, har da waɗanda raunin bai taɓa ba tun farko. A shekarun 1990 an gwada magungunan toshe waɗannan ƙofofi a jikin mutane, ba su yi nasara ba, wasu ma gane-gane suka sa majinyata. Sai wani masani, Vivian Teichberg na Cibiyar Weizmann a Isra'ila, ya ɓullo ta wata hanya wajen 2003: a ƙyale ƙwaƙwalwa, a rage gulutamet ɗin da ke cikin jini, rarar da ke sama ta gangaro da kanta. Mai shagon ya ce kamar damina ce, ruwa ya cika tsakar gida, ba kwasa za ka tsaya yi da bokiti ba, kwatar waje za ka yashe. Akwai ma sinadarin da ke wannan aiki a jini, shi ne AST ɗin da ake gani a takardar gwajin hanta, okzaloasitet ƙaimi kawai yake ƙara masa.

Ni har na fara murna. Sai ya ce a ɓeraye aka ga amfanin, kuma allura ake yi musu ta jijiya jim kaɗan bayan raunin, ba ƙwaya ake haɗiya bayan mako guda ba. Babu hukumar magunguna da ta amince a yi wa mutum wannan a matsayin maganin zubar jini a kai. "Zan iya nemo miki, in ci riba mai kyau," in ji shi, "amma ba zan yi ba. Riƙe kuɗin, masu gashin ƙashi na nan tafe."

Na tambaye shi batun farin magi, wanda akwai gulutamet a cikinsa, don Inna ta riga ta kwashe na gidan ta zubar tunda ta ji sunan gulutamet a bakin ƙanena. Ya yi dariya. Ya ce mafi yawan wanda ake ci hanji ne ke cinye shi, da wuya ya kai ƙwaƙwalwa. A rage shi dai, shi da dunƙule da gishiri, saboda hawan jinin Baba. Ya kuma ja kunnena cewa nimodifin yana saukar da jini, a riƙa aunawa, in ya yi ƙasa sosai a gaya wa likita, kada mu tsallake magani da ra'ayinmu.

Shagon yana da nasa aibu. Farashinsa ya ɗan ɗara na maƙwabta, ko farasitamol ne. Na'urar POS ɗinsa sau biyu tana ƙin aiki, sai tiransifa na yi na tsaya jiran alat. In mai shagon ba ya nan, yaran da ke kanta karanta takarda kawai suka iya, bayani sai ka jira shi, ga shi in ya samu mai tambaya ba ya duba layin da ke baya. Ranar da ya zaunar da ni, wata mata mai goyo ta gaji ta tafi, na ji kunya.

An sallamo Baba, yana takawa da sanda zuwa masallacin ƙofar gida, hannun hagu ne har yanzu da saura. Kuɗin ƙanena na sayi na'urar awon jini da su a shagon, ragowar sun tafi gashin ƙashi.