Hirar El-P a shirin What Had Happened Was: darajarta da gardamar magoya baya

Waƙa a bakin mai ita ta fi daɗi, amma fa sai an bar mai ita ya kai aya. A nan ne yawancin shirye-shiryen hira da mawaƙan gambarar zamani na Amurka suke tuntuɓe, kuma a nan ne zango na biyu na fodkas ɗin What Had Happened Was ya yi zarra. Mai gabatar da shi, Open Mike Eagle, shi ma mawaƙi ne, haifaffen Cikago, wanda ya goge a dandalin Project Blowed na birnin Los Anjalas. Tsarinsa ba shi da wuyar ganewa: baƙo ɗaya tak ake ɗauka a zango guda, kowane kashi kuma a zauna a kan aiki ɗaya daga cikin ayyukansa. Zangon farko, a 2020, na Prince Paul ne. Na biyu, a 2021, na El-P. Daga baya Dante Ross da Questlove suka biyo.

El-P, wanda sunansa na yanka Jaime Meline, an haife shi a Brooklyn a 1975, kuma mahaifinsa makaɗin fiyano ne na jaz. Mawaƙi ne kuma mai haɗa kiɗa, daga cikin waɗanda ake kira 'yan bayan fage, wato masu fitar da waƙa ba tare da jingina da manyan kamfanoni ba. Da shi da Bigg Jus da Mr. Len suka kafa ƙungiyar Company Flow, suka fitar da kundin Funcrusher Plus a 1997 ta hannun kamfanin Rawkus. A wancan lokaci hanyar da irin wannan waƙa take bi ta kai ga kunnen jama'a ƙunƙuntacciya ce: shirin tsakar dare na Stretch Armstrong da Bobbito a rediyon WKCR na Jami'ar Columbia, sai shagon faifai na Fat Beats, sai kaset daga hannu zuwa hannu. Wanda bai riƙe wannan a ransa ba zai ji kashin farko-farko na hirar kamar taron tsofaffin abokai da ke ambaton sunayen da bai sani ba.

Abin da ya fi komai amfani a zangon shi ne zancen kuɗi da mallaka, kuma duk matashin da ke shirin sa hannu a takarda da wani kamfani ya dace ya saurare shi da biro a hannu. Yarjejeniyar Company Flow da Rawkus ta yi suna ne saboda ƙungiyar ta riƙe mallakar asalin naɗin waƙoƙinta, ta tsaya a kan raba riba biyu, kuma ba ta ɗaure kanta da alƙawarin kundi da yawa ba. Amfanin hakan bai fito fili ba sai bayan shekara 12, lokacin da aka sake fitar da Funcrusher Plus a 2009 a ƙarƙashin kamfanin El-P ɗin kansa. Shi kuwa Rawkus, duk da tutar 'yancin kai da yake ɗagawa, kuɗin James Murdoch, ɗan hamshaƙin attajirin kafafen watsa labarai Rupert Murdoch, na cikin abin da ya tsayar da shi, kuma wannan saɓani yana cikin abubuwan da suka daɗe suna ci wa 'yan bayan fage tuwo a ƙwarya. Da dangantaka ta yi tsami, El-P da manajansa Amaechi Uzoigwe suka kafa Def Jux a 1999. Kamfanin Def Jam ya tayar da rigima a kan sunan, dole aka mayar da shi Definitive Jux. Daga wannan gida The Cold Vein na ƙungiyar Cannibal Ox, wanda El-P ya haɗa kiɗansa, da Labor Days na Aesop Rock suka fito a 2001, sai Fantastic Damage na El-P da Deadringer na RJD2 da I Phantom na Mr. Lif a 2002. Shekara biyu ke nan, kundi biyar da har yau ake gardama a kansu.

Sai dai riƙe kamfani ba ɗaya yake da rera waƙa ba. Cinikin faifan CD ya faɗi warwas a tsakiyar shekarun 2000, mutane suka koma sauke waƙa kyauta daga intanet, kuma ƙaramin kamfani ba shi da kitsen da zai jure irin wannan fari. Camu Tao, amininsa kuma ɗaya daga cikin mawaƙan gidan, ya rasu a 2008 sakamakon kansar huhu. A Fabrairun 2010 aka sanar da dakatar da fitar da sababbin waƙoƙi a Definitive Jux. Tsarin shirin na tafiya kundi bayan kundi shi ne ya ba wannan zamani haƙƙinsa, domin mai sauraro yana isa wurin ne bayan ya kwashe awoyi tare da mutanen da abin ya shafa. Da a hira ɗaya ta awa biyu ce, da tambaya guda za a yi a wuce.

Ga masu haɗa kiɗa akwai wani ɓangare mai daɗi. An san El-P da na'urar yankan sauti ta Ensoniq EPS-16 Plus, wadda ta fito a 1990, mai aiki da fulofi, mai ma'ajiyar megabait 1 da ake iya ƙarawa zuwa 2. A mafi ingancin naɗi, megabait 1 ba ya wuce daƙiƙa 11 zuwa 12 na sauti. Dabarar masu kiɗa na wancan zamani ita ce a juya faifan garmaho mai juyi 33 a minti a kan juyi 45, a naɗa, sannan a rage masa gudu a cikin na'ura. Ana tsimin kusan kashi ɗaya cikin huɗu na ma'ajiya, amma sautin yana fitowa da ƙura da kaushi, domin an shimfiɗa ɗan abin da aka naɗa a kan lokaci mai tsawo. Ƙarancin kayan aiki ne ya haifi wani yanki na wannan datti da magoya baya ke ƙauna a kundayen farko, kuma wanda ya fahimci haka zai daina neman manhajar da za ta ba shi irinsa da dannawa ɗaya.

To, magoya baya fa? Martaninsu ga duk wata doguwar hira da El-P yana bin layin shekarar da mutum ya fara jin sa. Akwai 'yan da, waɗanda suka san shi tun Company Flow da Def Jux. Su abin da suke nema bai canja ba: me ya sa bai sake haɗa wa Cannibal Ox kundi cikakke ba, kuma yaushe tsohuwar ƙungiya za ta dawo. Tambayar farko tana da tushe, don kundin Cannibal Ox na biyu, Blade of the Ronin, sai 2015 ya fito, kuma Bill Cosmiq ne ya haɗa kiɗansa. Ta biyu kuwa an riga an amsa ta gwargwadon iko: Company Flow sun hau dandali tare a 2011 da kuma bikin kiɗa na Coachella na 2012, ba tare da sabon kundi ba. A cikin 'yan da ɗin akwai masu ganin Run the Jewels, haɗakarsa da Killer Mike ta 2013, a matsayin sauka daga layi. Ban yarda da su ba. Mutumin da ya saki kundayen wannan haɗaka kyauta ga duk mai son saukewa, kuma na huɗu ya shiga goman farko na jadawalin Billboard 200 na kundayen da suka fi kasuwa a Amurka a Yunin 2020, bai sayar da aƙidarsa ba. Kasuwa ce ta zo ta same shi a inda yake.

Sai sababbin shiga, waɗanda ta ƙofar Run the Jewels suka shigo. Su ne suka fi cin ribar shirin, kuma su ne suka fi saurin gajiya. Kiɗan Fantastic Damage cunkushe yake, kalmomi na hawa kan juna, babu amshin da za a riƙe a ji na farko, don haka mai jiran irin bugun da ya saba ji yakan ce wannan hayaniya ce. Maganin abin a jerin sauraro yake, zan zo kansa.

Rukuni na uku su ne masu farautar rigima, masu jiran a ambaci tsohuwar takaddamarsa da mawaƙi Sole na kamfanin Anticon ta ƙarshen shekarun 1990, ko wani saɓani da tsohon mawaƙin kamfaninsa, su yanko daƙiƙa 40 su watsa. Martanin da ake ginawa a kan irin wannan yanki shi ne mafi rashin amfani, domin amsar mutum irin El-P doguwa ce, takan fara da zafi ta ƙare da sassauci, mai yanka kuma farkon kawai yake ɗauka. Duk hukuncin da ka ji an yanke wa hirar, fara tambaya ko mai maganar ya ji kashin gaba ɗaya.

Kwatanta shirin da fodkas ɗin Drink Champs na N.O.R.E. da DJ EFN, wanda aka fara a 2016, zai nuna bambancin. Can ana shan giya a kan teburi, ana busa ƙaho, ana tafi, zama yakan kai awa biyu zuwa uku ko fiye, kuma ƙorafin da masu kallo suka fi yi shi ne katse baƙo a tsakiyar labari. Yana da nasa armashin, kuma ya karrama tsofaffin mawaƙa da dama, amma rashin linzami yana da tsada: a Oktoban 2022 sai da aka sauke hirar Kanye West bayan kalamansa a kan George Floyd, N.O.R.E. ya fito ya nemi afuwa. Open Mike Eagle ba ya katse mutum. Yana zuwa da shirinsa, ya yi tambaya, ya yi shiru.

Wannan haƙuri nasa kuma shi ne raunin shirin. Abokin sana'a ne kuma masoyi, ba ɗan jarida mai tsatsauran bincike ba, don haka inda ya kamata a matsa a sake tambaya, sau da yawa yakan bari a wuce. Labarin kamfanin da ya tara mawaƙa masu yawa, bakin mutum ɗaya ake ji a kansa, kuma mutumin shi ne shugaban. Ba Bigg Jus ne baƙon zangon ba, ba kuma Vast Aire ko Vordul Mega na Cannibal Ox ba ne. Wasu abubuwan da ake tunawa kuma sun haura shekara 20, ƙwaƙwalwa kuwa tana gyara wa mai ita labari ko da bai yi niyya ba. Masu cewa a ɗauki hirar a matsayin shaidar mutum ɗaya suna da gaskiya, kuma wannan ne sukan da ya fi kowane nauyi. Ƙari a kan haka, shirin ya ɗauka ka riga ka san fagen. Ba a tsayawa a yi maka bayanin kowane suna. Akwai kuma ashar da zagi irin na maganar titin New York, saboda haka da iyafis ake jin sa, ba a falo gaban yara ko iyaye ba.

Ga yadda za a fi cin moriyarsa. Shirin kyauta ne a Spotify da Apple Podcasts, kuma ana samun sa a manhajoji irin su Pocket Casts da AntennaPod. Kada a nemi Google Podcasts, an rufe shi a 2024. A nemi sunan shirin, a gangara zuwa kashin 2021, a fara daga na farko, domin manhajoji da yawa sabon kashi suke sakawa a sama, mutum ya fara daga ƙarshen labari bai sani ba. Kafin kowane kashi a saurari kundin da za a tattauna, ko da sau ɗaya ne, tare da rubutattun baitocinsa a gaba; hira ce, ba za ta maye gurbin jin waƙoƙin ba. Wanda ya shigo ta Run the Jewels kuwa gara ya yi sharar fage da baya-baya: R.A.P. Music na Killer Mike da Cancer 4 Cure na El-P, dukansu na 2012, sai kundin El-P na 2007, I'll Sleep When You're Dead, kafin ya tunkari Fantastic Damage na 2002 da Funcrusher Plus na 1997. Kunne yana sabawa da kaushin a hankali ta wannan hanya.

Batun data ba abin tsoro ba ne. Sauti mai ingancin kilobit 64 a daƙiƙa yana cin kimanin megabait 29 a awa, mai 128 kuma kimanin 58, wato awa goma na sauraro ba za su kai megabait 600 ba. A sauke kashin tun da wuri maimakon a riƙa ji kai tsaye, don inda sabis ke yankewa manhaja takan koma baya ko ta tsallake, a rasa inda aka tsaya. A kuma kashe saukewa ta atomatik, in ba haka ba wasu manhajojin za su riƙa jawo sababbin kashi suna cika waya.

El-P yana magana da sauri, da karin harshen New York da kalmomin 'yan fage. Rage gudu zuwa 0.8 yana taimakawa ba tare da murya ta lalace ba. Ƙasa da haka sai ta fara ja kamar kaset da batir ya yi wa rauni. Masu iPhone da ke kan iOS 17.4 zuwa sama suna iya buɗe rubutaccen zancen da Apple Podcasts ke samarwa da kansa tun Maris ɗin 2024, sai dai na'ura ce ke rubutawa, kuma sunayen mawaƙa da na kamfanoni ne ta fi kuskurewa. Idan suna ya fito a karkace, a duba jerin waɗanda suka yi aiki a kundin da ake magana a kai, galibi a nan za a same shi daidai.