Haɗa motar tsere a gida: wacce ce za ta yi maka a Kumasi?

Duk wanda ya taɓa ratsa Magazin ɗin Suame, unguwar makanikai da kayan gyaran mota, ya san Kumasi ba ta rasa masu aikin hannu ba. Wurin da ake ƙera bodin babbar mota daga falankin ƙarfe, 'yar ƙaramar mota mai kujera biyu ba za ta gagara ba. Inda gizo ke saƙar shi ne zaɓi. Matashi a Aboabo ko Asawase zai ga mota a YouTube ta burge shi, ya tura kuɗi, sai kaya sun iso ya tarar injin da suke bukata babu shi a Suame, babu shi a Abossey Okai ta Accra.

Yadda harkar take, kamfani ne zai aiko maka da shasi da bodi da wasu ƙarafa, kai kuma ka nemo inji da giyabos da birki daga tsohuwar motar da za ka yanka. Shi ya sa ni nake fara tambayar motar yanka tun kafin in kalli hoton bodi.

Motar kamfanin Caterham ba ta bukatar a yanka komai. Asalinta Lotus Seven ce, wadda Colin Chapman ya fitar a Ingila a 1957, aka riƙa sayar da ita a warwatse domin kauce wa harajin sabuwar mota, sannan Caterham ta sayi haƙƙin ƙera ta a 1973. Komai sabo yake zuwa a akwatuna, har noti, aikinka ɗaurawa ne. Ƙaramarsu, Seven 170, injin Suzuki mai cc 660 gare ta, nauyinta wajen kilo 440. Sai dai kuɗinta ya haura fam dubu 20 tun ba ta bar Ingila ba, ga kuɗin kwantena, ga kwastan a Tema, ga sidi da ba ya zama wuri ɗaya. Kuma a kula da sitiyari: tun 1974 Ghana ta koma tuƙi a hannun dama na titi, dokar kwastan kuma ta hana shigo da mota mai sitiyari a dama. Dole ka nemi wadda ake yi wa kasuwar Turai mai sitiyari a hagu.

Factory Five ta jihar Massachusetts a Amurka, wadda ta fara a 1995, tana yin kwaikwayon motar tsere ta Cobra ta shekarun 1960. Sitiyarinta a hagu yake, injinta V8 na Ford Mustang. A ido babu kamarta. Amma bodin faiba ne mai cin shafa da guga kafin a kai ga fenti, shan manta ba na mai lissafin lita ba ne, salansar da ke bin gefen ƙofa kuma tana ƙona ƙwauri in ka fito da gajeren wando. Ƙarfi mai yawa a gajeriyar mota marar na'urar hana santsi ba abin koyo ba ne. Ta masu hali ce da suka riga suka goge.

Wadda ta fi kwanta mini ga mai farawa ita ce Exocet. Kamfanin MEV ne ya ƙirƙiro ta a Ingila, Exomotive kuma ke yin ta a Atlanta. Motar yankanta Mazda MX-5 ce, wadda Amurkawa ke ce wa Miata, ta 1989 zuwa 2005. Za ka kwance notuna ka ɗage bodin Mazdar gaba ɗaya, sai a bar ka da inji da giyabos da ƙafafun gaba da na baya, duk a haɗe da wani dogon ƙarfe da ya taso daga giyabos zuwa aksul. A kan wannan za ka ɗora sabon shasi na bututu ka ɗaure. Wayarin, birki, sitiyari, duk na Mazda ne, injiniyoyin kamfani sun riga sun yi maka lissafin da ya fi haɗari. Babu walda. Tun da yawancin motocinmu daga Amurka ake kawo su, samun Miata mai sitiyari a hagu ba wuya. Matsalarta, motar ba ta yawaita a Ghana ba, don haka ka sa bel ɗin taimin da famfon ruwa da kuloci a cikin kwantenar tun farko. Sayenta a gwanjon intanet kuma sayen kifi a ruwa ne: tsatsar bodi ba ta dame ka ba, ai jefarwa za ka yi, amma wadda ta fito daga jihohin da ake zuba gishiri a titi lokacin ƙanƙara, a duba maka ƙarafan da ke riƙe da ƙafafu. Sannan ba ƙofa, ba rufi. Ka tuna da ruwan Yuni a garin nan.

Sai Locost, kwaikwayon Lotus Seven da ake ƙerawa a gida, wadda ita ce samari suka fi so saboda araha. Nan ba a aiko maka da komai, zane ne za ka bi ka yanka bututu mai kusurwa huɗu, milimita 25, kaurin bangonsa milimita 1.6, ka haɗa shasi da kanka. Wannan kaurin shi ne abin lura. Waldar sanda da ake yin ƙofa da taga da ita tana huda shi ko ta bar ɗinki mai kyau a sama, ciki fayau. Ana so a yi da MIG, wato waldar waya da gas, a kan tebur da aka tabbatar ya miƙe, ana ɗigawa nan da can ana sake aunawa, don zafi yana jan ƙarfe. Ka tambayi mai walda, "Masta, a kan me za mu auna?" In ya ce maka, "Bari kawai Alhaji, idona ya isa," ka yi masa sallama cikin mutunci. Shasin da ya karkace da kaurin yatsa, har abada motar za ta riƙa ja gefe guda, kuma ranka ne a ciki. Wata wahalar, Locost da tayoyin baya take ja, alhali Corolla da Vitz da suka cika gari da na gaba suke ja. Ford Escort da Sierra da aka saba yankawa sun yi wuya. Tsohuwar BMW 3 Series ta fi samuwa, amma faɗinta da nauyinta za su sa ka sake zane, wannan kuwa ba aikin ɗan koyo ba ne.

Duk waɗannan huɗun suna da ciwo ɗaya: ƙasa-ƙasa suke. Tsakanin kaskon man inji da kwalta a irin su Seven bai fi tsawon tafin hannu ba. Ka ƙirga tudun rage gudu daga ƙofar gidanku zuwa babban titi, ka ƙara da ramuka. Nan ne bagi, wato 'yar buɗaɗɗiyar motar rairayi, irin ta Meyers Manx, wadda Bruce Meyers ya fara a Kalifoniya a 1964, take da bakin magana. Kan shasin Volkswagen Beetle take zama, bayan an rage masa tsawo da wajen santimita 36. Iska ke sanyaya injin, babu lagireto balle tafasa a cunkoson Kejetia, kuma tana da tsayi. Gudu dai kam ba ta da shi, samun Beetle da ƙasanta bai ruɓe ba kuma sai an sha yawo. Exocet ma tana da samfurin da aka ɗaga don hanyar da ba kwalta.

Kafin ka biya ko sidi ɗaya, ka je ofishin DVLA, hukumar rajistar motoci, da hotuna da bayanin kayan, ka ji yadda za su yi wa motar rajista da lambar shasin da za su amince da ita. Ka zauna da ejan ɗin da zai fitar maka da kaya a Tema, ya gaya maka ko a matsayin mota za a yi musu kuɗin fito ko a matsayin kayan gyara. Haka kamfanin inshora. Takardun kwastan na motar yanka da rasidin duk abin da ka saya, ka adana su a fayil ɗaya.

In ni ne mai saye, Exocet zan ɗauka idan aljihu zai kai, bagi idan unguwarmu ba kwalta, Locost kuwa sai in ina da mai walda da na ga aikinsa da idona. Ka kuma tanadi rumfa mai siminti da ƙofa mai kwaɗo wadda za ta ɗauki mota biyu, domin motar yanka da sabon shasi za su yi watanni a gefen juna.