Sarin kayan biki: zaɓin da ke gaban mai ƙaramin shago kafin ya taɓa jarinsa

Duk wanda ya taɓa riƙe shago ya san cewa 'yan makonnin da ke gabanin babban biki suna iya kawo cinikin da watanni ba su kawo ba, kuma a cikin wannan kakar ce ake tafka kuskuren da ke cinye uwar kuɗi. Yawanci ana yin kuskuren ne tun wata biyu ko uku kafin jajibere, ranar da mai shago ya zauna ya yanke shawarar inda zai yi sari, da yawan abin da zai ɗauko, da abin da zai kashe wa shagon kansa. Tun da ba a fafe gora ranar tafiya, ya dace a auna kowane zaɓi da tambayoyi uku tun da sauran lokaci: kwana nawa kayan za su yi kafin su iso, nawa ne za su ɗaure daga cikin jari, sannan ina za a kai ragowarsu idan biki ya wuce. Farashin sari yana da muhimmanci, amma a ganina bayan waɗannan ukun yake zuwa.

Abu na farko shi ne kalanda. Kirsimeti ba ya motsawa daga 25 ga Disamba, amma bukukuwan da ke bin lissafin wata, kamar Sallah, suna matsowa da kwana 10 ko 11 a kowace shekara, saboda shekarar Hijira kwana 354 ce ko 355. Wanda yake duba littafin cinikin bara domin ya san lokacin da kasuwa ta fara zafi, sai ya ƙirga daga ranar bikin zuwa baya, ya bar sunan watan. Haka kuma mai sayar da kayan da ake ƙerawa a China ya kamata ya riƙe ranaku biyu a ransa: hutun ƙasa da ke farawa 1 ga Oktoba, da sabuwar shekarar gargajiyarsu da ke faɗowa tsakanin 21 ga Janairu da 20 ga Fabrairu, lokacin da masana'antu da yawa ke rufewa na makonni domin ma'aikata sun tafi garuruwansu. Odar da ta shiga daf da waɗannan ranaku tana iya kwana a layi har bikin da aka yi ta dominsa ya wuce.

Wannan ne ya sa shigo da kaya kai tsaye daga ƙasar waje, wanda shi ne zaɓin da ya fi araha a kan takarda, ya fi kowanne haɗari ga mai ƙaramin jari. Masana'anta ba ta karɓar oda sai ta kai wani adadi, ana biyan kafin alƙalami tun kafin a fara aiki, sannan ga kuɗin jigila da kuɗin fito da na dako, waɗanda sau da yawa ba a sanin jimillarsu sai kaya sun sauka. Jirgin ruwa yana ɗaukar makonni, jirgin sama kuwa yana da sauri amma kuɗinsa yana lashe ribar duk wani kaya mai nauyi. Ga kuma abin da ba ya hannun kowa: a watan Maris na 2021 jirgin dakon kaya mai suna Ever Given ya gicciye a mashigin Suwez na kwana shida, ɗaruruwan jirage suka yi cirko-cirko a bayansa, kuma 'yan kasuwan da ba su taɓa ganin teku ba suka ji a jikinsu. Wannan hanya ta dace da kayan da ba su da kaka, waɗanda za a ci gaba da nema bayan biki, kuma ta dace da wanda jarinsa zai iya jure zaman wata uku ba tare da shagon ya bushe ba.

Babban dila na cikin gida shi ne tsaka-tsaki, kuma a wurinsa mafi yawan masu shaguna ke ƙarewa. Ana ganin kaya da ido, ana ɗauka a katan ko a dozin, kuma idan an saba akan samu bashin 'yan kwanaki. Aibinsa shi ne duk maƙwabtanka a wurinsa suke sari, saboda haka abin da ke kan kantarka yana kan tasu, kuma ba abin da ya rage ku yi gasa a kansa sai karya farashi. Akwai kuma rangwamen da yake yi wa wanda ya ɗauki da yawa, wanda shi ne tarkon da ya fi kama mutane a wannan kaka.

Lissafi ɗan kaɗan zai nuna abin da nake nufi. A ɗauka dila ya ba ka kaya guda 100 a kan 60 kowanne, kai kuma za ka sayar a kan 100, ka ga ka zuba 6,000 a rana ɗaya. A gefe guda ga wani mai sana'ar hannu da ke kusa da kai, wanda nasa 70 ne, amma ya yarda ka ɗauki 40 yanzu ka dawo ka ƙara idan sun tafi. A ce a ƙarshe guda 70 aka saya. Ta hanyar mai sana'ar ka kashe 4,900, ka karɓi 7,000, ribarka 2,100, kuma kuɗin da ka fara fitarwa bai wuce 2,800 ba. Ta hanyar dila ma 7,000 ka karɓa, amma kana da guda 30 a sito. Idan irin kayan da za a iya karyarwa a rabin farashi ne bayan biki, za su kawo 1,500, ribarka ta zama 2,500, dila ya yi nasara. Idan kuwa kaya ne masu ɗauke da tambarin bikin ko shekararsa, ko abin da yayinsa ke wucewa, ko mai lalacewa, to sun yi kwantai, ribarka ta tsaya a 1,000. Amsar tana wurin waɗannan guda talatin ɗin, kuma mai shago ne kaɗai ya san irin hajarsa.

A nan ne maganar tallafa wa ƙananan sana'o'i ke shiga lissafin riba, ta bar zancen tausayi. Bankin Duniya ya ƙiyasta cewa ƙanana da matsakaitan kamfanoni su ne kusan kashi 90 cikin 100 na yawan kamfanonin duniya, kuma su ke samar da fiye da rabin ayyukan yi, kuma tun 2017 Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware musu ranar 27 ga Yuni. A Amurka, kamfanin American Express ya ƙirƙiro ranar Asabar ta ƙananan 'yan kasuwa a 2010, ya ajiye ta a washegarin babbar Juma'ar rangwame ta ƙarshen Nuwamba, domin a tuna wa masu sayayya da shagunan unguwa kafin manyan kantuna su kwashe kuɗin aljihunsu, Birtaniya ma ta fara tata a 2013. Duk wannan kira ne ga mai saye, amma mai shago shi ma mai saye ne, kuma odarsa guda ɗaya ta fi ta kwastomomi ashirin nauyi a wurin tela ko maƙeri ko mai haɗa sabulu da turare. Abin da yake samu a madadin ƙarin farashin shi ne kayan da babu su a shagon maƙwabci, da damar cewa a canja launi ko girma a cikin mako guda, da mutumin da zai iya zuwa ya same shi idan an samu matsala.

Sai dai wannan hanya tana da nata rauni, kuma bai kamata a rufe shi ba. Mai sana'ar hannu hannu biyu gare shi, kuma a daidai lokacin da kake buƙatarsa kowa ma yana buƙatarsa. Na taɓa tsayawa a wani shago ana buɗe kashi na biyu na wata odar jakunkuna kwana huɗu kafin biki, mai shagon ya ɗaga ɗaya ya kara ta da ta farko a ƙarƙashin fitila, sai ga ɗinkin ya karkace, zaren ma ba launi ɗaya ba, saboda an ba yara aikin cikin gaggawa. Maganin wannan shi ne a karɓi samfur a ajiye, a rubuta adadi da rana a takarda kowa ya riƙe tasa, a raba odar gida biyu ta yadda kashi na ƙarshe zai iso aƙalla mako biyu kafin biki, kuma a biya kafin alƙalamin da zai ishe shi sayen kayan aiki. Sannan a cika masa kuɗinsa ranar da aka yi alkawari. Mai shagon da ke biyan babban dila nan take amma yana jan ƙaramin mai sana'a har bayan biki, da jarin talakan yake juya kasuwarsa, ko da yana yabon kayansa a gaban kwastoma.

Akwai hanya ta huɗu da ba a cika ba ta muhimmanci ba, wato a ajiye maka kaya a shago, sai an sayar ka biya mai su ka cire kamashonka. Ba ta ɗaure jari ko kaɗan, saboda haka ita ce ta fi dacewa da gwada sabon kaya. Ribarta ƙarama ce, kuma dole a yi magana tun farko a kan wanda zai ɗauki asarar abin da ya fashe ko aka sace.

Bayan kaya, abin da ya fi cancantar a kashe wa kuɗi shi ne hanyar karɓar kuɗi, domin kwastoman da ya zaɓi kaya ya tsaya minti goma yana kallon na'ura tana juyi ba lallai ne ya jira na goma sha ɗaya ba. Wajen zaɓen na'urar POS, mutane kan tsaya a farashin na'urar, alhali abin da ya fi shi tasiri shi ne kason da ake cirewa a kowane ciniki, da ko akwai kuɗin haya na wata-wata, da tsawon lokacin da kuɗi ke ɗauka kafin ya shiga asusu. Wannan na ƙarshen yana da girma a makon biki, domin cinikin yau ne ake so a yi sarin gobe da shi. A duba kuma ko na'urar tana da layinta ko sai ta jingina da waya, da awa nawa batirinta ke yi, a kuma tanadi takardar rasit fiye da yadda ake zato. Turo kuɗi ta waya, ko ta lambar QR wadda kamfanin Denso Wave na Japan ya ƙirƙiro a 1994, ba ya buƙatar na'ura, amma ranar cunkoso ce ranar masu nuna hoton biya na bogi, saboda haka kada kaya su bar kanta sai an ga kuɗin a asusun shago. Tsabar kuɗi ba ta jiran sabis, amma tana buƙatar canji da ido a kan jabu da kuma wurin ajiya. Shawarata ita ce a riƙe hanya biyu daga kamfanoni daban-daban, domin idan ɗaya ta tsaya ɗayar ta ci gaba.

Game da talla a intanet ba zan tsawaita ba. Manhajar WhatsApp Business, wadda aka fitar a 2018, kyauta ce kuma tana ba da damar jera hotunan kaya da farashinsu, kuma ga shagon da kwastomominsa sanannu ne ta wadatar. Manyan kasuwannin intanet suna kawo baƙin masu saye, amma suna cire kamasho, suna riƙe kuɗi na wani lokaci, kuma dokar mayar da kaya tasu ce. Gina shafin kai kuwa aiki ne na lokacin da kasuwa ta yi sanyi. Abin da ba ya cin ko sisi, kuma ake mantawa da shi, shi ne gyara lokacin buɗewa da rufewa da lambar waya a taswirar Google da shafukan sada zumunta.

Wajen ƙawata shago, haske ya fi kowane ado aiki. Ma'aikatar makamashi ta Amurka ta ce ƙwan LED yana rage cin wuta da aƙalla kashi 75 cikin 100 idan aka kwatanta shi da tsohon ƙwai mai zare, kuma yana iya ninka shi daɗewa har sau 25, ga shi ba ya zafin da zai cutar da kayan da ke kusa da shi. Kayan ado da ledoji da kwalayen naɗe kyauta kuwa, a zaɓi waɗanda ba a buga musu shekara ba, domin su yi aiki baɗi. Kada kuma a jibga fitilu a soket ɗaya a shagon da ke cike da kwali da yadi.

Saura rangwame, wanda manyan kantuna suka koya wa mutane jira. Kayan da aka saro a 70 ake sayarwa 100, idan aka rage kashi 20 cikin 100, ribarsa ta sauko daga 30 zuwa 10, wato sai an sayar da uku kafin a samu abin da ɗaya ke kawowa a da. Ƙaramin shago ba shi da wannan yawan masu saye, saboda haka ya fi masa sauƙi ya haɗa kaya biyu ko uku a farashi ɗaya, ko ya naɗe kyauta ba tare da caji ba, ko ya yi ɗan gyara ga tsohon kwastoma, ya ajiye karya farashi na gaske sai ga abin da ya ga alamar zai kwana.

Duk hanyar da aka zaɓa, bai kamata a zuba jari duka a sarin farko ba. Ni ina ganin a riƙe kamar kashi ɗaya bisa huɗu a hannu har zuwa kwana goma na ƙarshe, lokacin da kasuwa da kanta za ta nuna abin da ke tafiya, sai a koma wurin dila ko mai sana'ar da ke kusa a ƙaro shi. A cikin waɗannan kwanakin kuma a ajiye ƙaramin littafi a gefen kanta, duk wanda ke tsaron shago ya riƙa rubuta abin da aka tambaya ba a samu ba, da ranar da kowane kaya ya ƙare, domin da wannan littafin za a je sarin baɗi.